Abin da Baba Ya Faɗa a Rugarmu

Yau kwana tara da rasuwar surukina, mahaifin maigidana, kuma har yanzu ba a gama naɗe tabarmin ƙofar gida ba. Kullum sai an samu wanda labari bai iske da wuri ba. Jiya wasu dattawa uku suka zo daga Rimaye a kan babur ɗaya, tsofaffin ɗalibansa ne, duk gemu ya yi fari. Sun yi gaisuwa lafiya lau, har sai da idon ɗayansu ya faɗa kan buzun da Baba yake zama a zaure, ya rufe fuska da hannun riga, aka rasa mai ba wani haƙuri. Mai shayin bakin titi ya ce yanzu ba shi da abokin gardama a kan ranar da ruwan shuka zai sauka. Wata maƙwabciyarmu ta zauna a tsakar gida tana ba da labarin yadda ya sasanta ta da yayanta a kan iyakar gona, ta faɗa sau uku, ba wanda ya katse ta.

Maganar da aka fi maimaitawa ita ce, “Malam bai san ɓoye-ɓoye ba. Abin da ke cikinshi shi ne a bakinshi.” Duk sanda aka faɗi haka sai in ɗaga kai in dubi Goggo, ƙanwarsa, ita ma ta dube ni, kowa ya mai da ido ƙasa. Mu biyu mun san Baba ya taɓa ɓoye magana ɗaya, kuma a kaina da ’yata nauyinta ya sauka. Ba don in rage masa daraja nake wannan rubutu ba. Ina tsoron a yi ta yabonsa ne har ya koma wani mutum da ban sani ba, alhali wanda na sani ya fi ƙarfin wannan yabon.

Daga wata ruga kusa da Yashe aka kawo ni gidan nan na Kankia. Mu makiyaya ne, su kuwa gidan malamai ne tun kakanni. Na yi makaranta a Kusada, amma karatu bai cire mini kunyar surukai ba. Ba na cin abinci inda zai gan ni, ba na wucewa ta gabansa da takalmi, ba na amsa masa da abin da ya wuce “to”. Shi ma bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Sai ya tsaya a bakin ƙofa ya fuskanci bango ya ce, “A gaya ma mutanen Yashe, nonon yau kamar ya biyo ta rijiya.” In yi ta dariya a ɗaki ba halin ramawa. Da yamma kwanon ya dawo a suɗe tas.

Mutum ne mai son abu a wurinsa. In ka taka takalmin wani a zaure, sai ka ji wa’azin da ya fi na Juma’a tsawo. Da kansa yake fiƙe alƙalumansa na gamba da wata tsohuwar reza, kuma ba ya ba da aro. In mutum ya shigo masa da magana da zafinta, ba ya saurara sai ya ce, “Zauna tukuna,” ya sa a kawo ruwa, ya fasa goro ya miƙa rabi. Sau da yawa kafin a gama tauna goron rabin faɗan ya tafi. Yana da gona a hanyar Kafin Soli, kuma ya fi alfahari da dawarsa a kan littattafansa, ko da yake dawar ba ta taɓa kai ta maƙwabcinsa kyau ba.

Da na haifi ’yar fari, ta zama tasa. A wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ’yar fari, ba ta rungumar ta a gaban mutane, don haka duk son da na ɓoye Baba ya fito da shi fili. “Amarya” yake kiran ta, irin wasan kaka da jika. Ita kuma ta ce ba ta son tsohon miji mara haƙora, shi ya ce ai ita ma nata biyu sun zube, sun dace. A cinyarsa ta koyi baƙaƙe. A akushinsa take cin tuwo, ta tsince naman ta bar masa miya.

Tana shekara bakwai ta fara faɗuwa. Da hantsi ne, tana wanke allonta a bakin randa, sai na ji ƙarar allon a ƙasa. Na fito na iske ta tana shure-shure, ido ya juye, kumfa a baki. Yaran gida suka watse. Goggo ta riƙe ni tana cewa kada in bari miyaun ya taɓa ni, ana ɗauka. Na fizge na ɗauki ’yata, ranar kunyar ’yar fari ta ƙare. Baba ya yi rubutu aka ba ta, aka yi hayaƙi, aka kai ta wurin mai ruƙiyya. Farfaɗiyar ta yi ta dawowa, ga ciwon kai mai sa ta amai. Da hannunta na hagu ya fara sakin kofi, maigidana, wanda a lokacin yake koyarwa a nesa, ya roƙi mahaifinsa ya raka mu asibiti.

Daga Katsina aka tura mu Kano yin hoton ƙwaƙwalwa. Likitan ya ɗaga hoton ya nuna mana wasu ɗigo-ɗigo. Ya ce ƙananan jijiyoyin jini ne da suka dunƙule wuri ɗaya kamar ’ya’yan faru, bangonsu ba ƙwari, lokaci-lokaci jini kan tsattsafo daga cikinsu ya dami ƙwaƙwalwa. Akwai su da dama a kanta, akwai ɗaya a lakar bayanta. Ya ce ba iska ba ce, ba a ɗauka ta miyau ko ta kwano, kuma magani zai iya tsayar da faɗuwar in ba a tsallake ba. Sannan ya ce idan suka yi yawa haka, galibi gado ne, ta wajen uwa ko ta wajen uba, kuma mutum kan iya ɗauke da su har tsufa bai sani ba.

“A danginku akwai wanda ya taɓa irin wannan?” ya tambaye ni.

Na ce ban sani ba, ban taɓa ji ba.

Ya juya ga Baba. “Malam, ku fa?”

Baba ya gyara zaman hularsa. “Babu,” ya ce.

Duk bayanin da likita ya yi, kalma ɗaya ce ta iso gida da ƙafarta, wato gado. Tunda Malam ya ce babu a gidansu, kuma Malam ba ya ƙarya, sai lissafi ya fita da kansa. Daga ruga aka kawo shi. Goggo ce ta fi kowa ɗaga murya. Ta ce dama mutanen daji suna kwana ƙarƙashin kowace bishiya, suna auren junansu, wa ya san abin da ke cikin jininsu. Ta sayo wani jan kwanon roba ta ce na yarinyar ne ita kaɗai, kada a haɗa shi da sauran wurin wanki. Na faɗa mata abin da likita ya ce game da kwano, ta ce likita ba a gidan zai kwana ba. Maigidana ya yi faɗa ranar da ya zo hutu, aka ɓoye kwanon, ya koma aka fito da shi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba. Bai ce kanzil ba. Ya daina kiran ta amarya, ya daina ci da ita, in ta shigo zaure sai ya tuna yana da wurin zuwa. Wata rana tana tsince mini shinkafa ta ce, “Inna, mi na yi ma tsohon mijina? Ko ya sake ni ne?” Na ce mata aiki ne ya yi masa yawa. Na tsane shi a ranar, ba zan ɓoye ba. Na ɗauka ƙyamarta yake yi, kuma shekara biyu muka yi a haka.

Magana ta kai ruga. Mahaifina, da muke kira Baffa, mutum ne da ko saniyarsa ta shiga gonar wani ba ya iya barci sai ya je ya ba da haƙuri. Wata ranar kasuwa ya zo da ƙwaryar man shanu, ya ajiye sandarsa a waje, ya shiga zaure. Ina bayan ƙofa ina ji, ina kuma leƙe. Baffa ya girmi Baba, amma ya durƙusa gwiwa biyu a gabansa.

“Malam, na zo neman gafara,” ya ce. “Kun nemi ɗiya da zuciya ɗaya, mun ba ku, ashe da abu a jininmu. Wallahi ban sani ba. Na tambayi tsofaffinmu har Maraɗi, ba wanda ya tuna, amma tunda ba naku ba ne, namu ne. In yarinyar ta zame maku abin kunya, ku ba ni ita in tafi da ita ruga. Can ba mai ganin ta sai shanu.”

Na jira Baba ya ce “Zauna tukuna.” Na jira ya kama hannunsa ya tashe shi. Ya daɗe yana kallon rezarsa, sannan ya ce, “Ba komai, kowa da ƙaddararshi. A bar ta nan.” Baffa ya yi godiya ya tashi yana kaɗe gwiwa. A damina mai zuwa zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida ya rasu. Ya tafi yana ganin shi ya cuci jikarsa.

Ranar addu’ar uku Baba ya zo rugarmu da mutanen Kankia. An shimfiɗa wa maza tabarmi a gindin gawo, mu mata muna bayan zana, ba nisa. Aka ba shi addu’a a matsayinsa na malami. Ya ɗaga hannu, ya sauke, sai ya miƙe tsaye, abin da ba a saba ba.

“Kafin in roƙa ma wanga bawan Allah gafara, ni ke da buƙatar tashi,” ya ce. “Ina da ƙane. Ba ku san shi ba, ko ɗiyana ba su san shi ba. Shekara biyu na ba shi. Yana kamar jikata ya fara faɗuwa, daga baya ƙafafunshi suka mutu. Mahaifinmu ya yi mashi bukka bayan gida, kusa da turken jaki. Ni ke kai mashi abinci. Da kara nike tura kwanon, don an ce kada in matsa. Kullum sai ya ce, ‘Yaya, zauna mu yi hira kaɗan.’ Ban taɓa zama ba. Wata safiya na tura kwano bai jawo ba. Aka rufe shi, mahaifinmu ya ce kada a ƙara faɗin sunanshi don ƙannenmu mata su samu miji. Akwai kuma ƙanwar mahaifinmu, ita ma haka ta ƙare. Likita ya tambaye ni a Kano, na ce babu. Mutumin da kuke ma zaman makoki ya durƙusa gabana yana neman gafarar abin da yake na gidanmu ne, na bar shi ya tashi da shi. Ku shaida, ba daga rugar nan ya fito ba.”

Can wani kawuna ya ce, “Malam, yi addu’a,” sai Baba ya yi. Ni dai ban shafa ba. Hannuna na kan cinya, ina tunanin da ya faɗi wannan wata huɗu da suka wuce, da Baffa ya ji da kunnensa.

Da aka koma gida Goggo ta tare shi a tsakar gida, ba ta damu da muna ji ba. Ta ce ya tona asirin da ubansu ya rufe, ga autarsa ba ta yi aure ba, ga jikoki mata na tasowa. Ta ce shekara sittin tana riƙe da bakinta, shi ya zubar a gaban Fulani.

“Kin riƙe bakinki?” ya ce. “Ke kika fi kowa magana a gidan nan. Kin tuna muryar ɗan’uwanmu kau, ko ni kaɗai ke jin ta?”

Goggo ta zauna daɓas a kan turmi. Ta ce ita ce take wanke kwanon ɗan’uwan nasu, da toka, a can nesa da rijiya. Wata uku ba ta yi wa Baba magana ba. Tsoronta kuma bai tashi a banza ba, don masu neman autar sun janye ba tare da sun faɗi dalili ba, sai bayan shekara biyu wani ya fito. Baba ya zaunar da shi a zaure ya gaya masa komai kafin a karɓi gaisuwarsa.

Washegarin dawowarmu daga ruga ya aika a kira yarinyar, ya tura mata akushinsa. Ta tsaya daga nesa tana kallon sa.

“Amarya, yaji kika yi?” ya ce.

“Kai ka sake ni,” ta ce.

“To na mai da ke. Zo ki cinye naman.”

Daga ranar Baba ya zama ma’aikacin jinyarta. Ƙwayoyin maganinta a gwangwanin goronsa suke, ɗaya bayan sallar asuba, ɗaya bayan magariba, kuma bai taɓa mantawa ba ko da rana ɗaya. Ya sa likita ya koya masa abin da ake yi in ta faɗi: a kwantar da ita a gefe, a kawar da abin da zai ji mata ciwo, kada a cusa mata komai a baki. Na taɓa ganin ya fizge cokali daga hannun wata baƙuwa ya jefa bayan katanga. Iyaye suka fara kawo masa yara masu faɗuwa daga ƙauyuka don ya yi rubutu. Yakan yi, ya tofa addu’a, sannan ya ce, “Wannan nawa ke nan. Gobe ku kai shi a duba kanshi, in ba ku san hanya ba ni na sani.” Yakan tambaye su ko yaron da kwanonsa daban yake ci, in suka ce e, sai zaman ya yi tsawo.

Tana shekara goma sha biyu dunƙulen jijiyoyin da ke lakar bayanta ya zubar da jini. Ta tashi da safe ƙafar dama ta ƙi ɗaukar ta. A motar da ta kai mu Kano Baba ya riƙe ƙafar a cinyarsa tun daga Kankia, yana ta motsa baki. Aka yi mata aiki aka cire wancan ɗin. Na cikin kai suna nan, likitoci sun ce a bar su ana dubawa, tunda magani ya riƙe faɗuwar. Kwana goma sha tara muka yi, shi yana barandar asibiti a kan buzunsa, an yi an yi ya koma gida ya ƙi. Ya ce ya taɓa barin wani shi kaɗai, ba zai ƙara ba. Da ta fara takawa ya sassaƙa mata sanda da hannunsa, ta fito a karkace, ta ce wannan ai sai tsoho. Da ita take zuwa makaranta har yau, tana aji uku na sakandare.

Duk wannan ina gani. Ina dafa masa abinci, ina gaishe shi daga bakin ƙofa, yana yi wa bango magana a kan nono ina yin murmushi. Amma akwai wani wuri a zuciyata da bai saki ba, kuma ina jin ya sani.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi a bazarar nan. Ranar Talata bayan la’asar ya aiko yarinyar ta kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum. Ya ce in shigo. Shekara goma sha bakwai ina gidan, ban taɓa taka ɗakinsa yana ciki ba. Ya rame sosai. Bai dubi bango ba, ni ya duba.

“Ɗiyata,” ya ce, “na nemi gafarar mutanenku, na nemi ta yarinya. Mahaifinki ba ni da hanyar isa gare shi sai ta wurinki. Ke kuma ban taɓa tambayar ki ba, don ina tsoron amsar. Na bar ki da kayan da ba naki ba. Ki yafe mani.”

Na sunkuyar da kai. Kalma biyu ce, “na yafe”, amma ban faɗa ba. Zan iya cewa kunya ce ta hana ni, don ban taɓa haɗa jimla a gabansa ba, kuma kowa zai yarda. Amma rabi ne kawai na gaskiyar. Ɗaya rabin shi ne na ga Baffa yana kaɗe gwiwa, sai wani abu a raina ya ce bari shi ma ya ɗan jira. Ya jira kuwa. Ina jin numfashinsa, ina jin kaji a tsakar gida. Da shirun ya yi yawa ya ce, “Ba komai. Tashi ki duba tukunyarki.” Na tashi na fita, na ce a raina gobe in na kawo masa kunu zan faɗa.

Washegari ranar asibitin yarinyar ce a Katsina, muka yi sammako yana barci. Muna kan layi maigidana ya kira, ya ce Baba ya cika. Na ce ga mu nan tafe, ya ce mu tsaya mu ga likita mu karɓi magani, don na gwangwanin saura na kwana ɗaya, kuma da Baba zai iya magana abin da zai ce ke nan. Muka tsaya. Da muka sauka a Kankia, maza suna dawowa daga maƙabarta.

Allah ya jiƙan Baba, ya yalwata masa makwanci, ya karɓi shekarun da ya yi yana gyara abin da ya ɓata. Na tambayi wani ɗalibinsa, ta bakin maigidana, ko yafiya tana isa ga wanda ya riga ya tafi. Ya ce tana isa. Na yarda, amma na san yadda ake ji idan magana ta zo bayan mai buƙatar jin ta ya tafi, kuma da sanina na yi masa haka. Na yafe maka, Baba, ni da Baffa duka. Kai ma ka yafe mini jiran da na sa ka yi.